Ƙulli na Ashirin da Uku a Igiyar Baba Ndakotsu

Wanda ya ba mu aron Baba Ndakotsu Jiya ya karɓi abinsa ranar Talata, 8 ga Disamba, 2009, da hantsi. Ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar bukkarsa da ke Tungar Ndaceko, kusa da Wushishi, bayan sallar asuba, yana cikin sa takalmin roba zai shiga fadama. Aka ɗauko shi a mota zuwa Minna. Kafin a wuce Zungeru numfashi ya fara nisa, ana isa asibiti rai ya yi halinsa. An sallace shi bayan azahar a ƙofar gidansa da ke Limawa. Shekarunsa sittin da takwas, kuma fiye da arba'in daga cikinsu ya yi su ne yana ɗana tarko a gonakin mutane.

Baba, ni ce Liyatu Ishaku, tsohuwar malamar firamare da ke zaune a Tudun Fulani, mai gonar shinkafa ta uku daga bakin rafi a fadamar Tunga. Ni ce matar da aka gani ta fito daga gidanka da jaka a hammata, gawarka na kwance a ɗaki ko wanka ba a gama ba, ta tare kabu-kabu ta nufi tasha. Duk abin da aka faɗa a kaina ya dawo kunnena. An ce Malama ba ta da kara, shinkafarta ta fi mata mutum. An ce ai dama ba addininsu ɗaya ba, ina ruwanta da makokinsa. Na kame bakina kwana goma saboda Gogo Hawawu, uwargidanka, tana cikin takaba kuma ba ta buƙatar hayaniya. Yau zan faɗi inda na je da abin da ya kai ni. Wanda bai san aikinka ba ba zai gane ba, don haka dole in fara daga baya.

A shekarar 2002 samarin Tunga suka cinna wa ciyawar bakin rafi wuta don su koro gyazbi, wannan ƙaton ɓeran fadama mai yanke karan shinkafa kamar da lauje. Iska ta juya. Gyazbi huɗu aka kama a ranar, tarin shinkafar mutum goma sha ɗaya ya ƙone ƙurmus, har da na mijina Ishaku. Noman da ya yi na ƙarshe ke nan a duniya, domin bai ga wata damina ba.

Da damina ta zagayo ni kaɗai nake noma, gyazbi suka sa ni gaba. Kullum da safe sai in tarar sun yi mini aski a wani gefen gonar. Haushi ya ɗebe ni na shiga kasuwa na sayo wani farin gari a ƙulle cikin leda, ba suna ba takarda, na kwaɓa da dusa na barbaɗa a bakin gona. Ba na jin daɗin rubuta wannan, amma ni na aikata. Cikin kwana biyu zabin maƙwabciyata tara suka mutu, karen Arɗo Gide, shugaban makiyayan da ke zaune bayan fadamar, ya mutu, aka tsinci ungulu biyu a ƙarƙashin giginya. Gyazbi ɗaya tak gubar ta kashe. Wani mutum ya tsince shi a hanya ya rataya a kafaɗa, zai je ya banda shi ya sayar wa matafiya a bakin titi. Kai ka gamu da shi. Ka buɗe bakin dabbar ka ga kumfa, ka karɓe ta, ka biyo sawu har gonata ka ajiye ta a gabana.

Ka ce, "Malama, kai ne mai koya wa yara karatu. Wannan da ya shiga kasuwa, yaron wa za ka kashe?"

Haka kake ce mini, kai, kamar yadda kake ce wa kowa, mace ko namiji, kuma har ka koma ga Allah ban iya raba ka da shi ba. Amma ranar ban yi dariya ba. Kunya ta koma mini faɗa, na ce wa ya aiko mai kama ɓera ya yi mini wa'azi a gonar mijina. Ka haƙa rami mai zurfi ka binne gyazbin, ka sa hannu cikin leda ka bi bakin gonar kana kwashe dusar da na zuba, har rana ta take. Washegari da na zo na tarar da jan ƙyalle shida suna kaɗawa a kan sanduna a gefen gonata, kai kuma kana tsugune kana yanka gyazbi na biyu. Ban ba ka haƙuri da baki ba sai bayan shekara guda. Ka ce ka manta, na kuma san ba ka manta ba, kara kawai ka yi mini.

Masu cewa ɗana tarko ba sana'a ba ce, su zo su gwada. Na bi ka shekara shida ina kallo. Kafin ka kafa komai sai ka karanta gonar: inda aka yanke kara a karkace, inda kashin dabbar yake, da ɗan lungun da ta buɗe cikin ciyawa tana bi kullum ba ta sakewa. A nan kake lanƙwaso ɗanyar sanda, ka ɗaura mata zargen wayar birkin keke, tsayinsa daga ƙasa bai wuce dunƙulen hannu ba. Gafiya kuwa keji kake sa mata da ɗan guntun ƙuli-ƙuli a ciki. Ƙananan ɓeraye ka binne musu tukunya da ruwa rabi, ka watsa ƙaiƙayi a sama. Birai ba ka taɓa ɗana musu komai ba, igiya kake ja daga wannan bishiya zuwa waccan ka rataya gwangwanaye, ka ce a sa mai tsaro kwana goma na nunar hatsi, ya wadatar. Tarkon ƙarfe mai haƙora, wanda ke karya ƙafar duk abin da ya taka, ba ka yarda ya kwana a fadamar ba. Duk wanda ka tsinta sai ka kai wa maƙeri ya mayar da shi lauje, mai shi in yana da ƙarfin hali ya zo ya tambaye ka. Ban ji wanda ya zo ba.

Akwai takardar izinin da kake sabuntawa duk shekara a ofishin masu kula da daji, a naɗe cikin leda a aljihun gaba. Mutane na yi maka dariya, wai har ɓera sai an nemo masa takardar gwamnati. Kai kuwa cewa kake yi doka ta hana wuta, ta hana guba, ta bar tarko ga wanda ya san haƙƙinsa, to kai kana son ranar da aka tare ka ka nuna shaida da hannun dama. Kuma ba kowace dabba kake riƙewa ba. Na ga ka saki tunku har sau uku, ɗaya ma ya sakanta maka da cizo a babban yatsa, kana yarfe hannu kana cewa ma'aikacinmu ne, ɓera yake ci, a bar shi ya koma bakin aiki. Mujiyar da ke cikin kogon ɗorawa, wadda mutanen Tunga suka so su kore saboda camfi, kai ka tsaya mata. Naman da ka kama kuwa, rabi na mai gona ne, daga rabinka kuma akwai gidaje uku na gwauraye a Tunga da ba ka wuce su da hannu wofi ba. Gidana na cikinsu a shekarun farko, ko da yake girman kai ya sa nake cewa don yara na karɓa.

Abu uku ne ba ka wasa da su. Kowane tarko da jan ƙyallensa a kan sanda, tsayin ƙirjin mutum, don mai wucewa da makiyayi su gani daga nesa. Teloli na Limawa sun san ka, sukan tara maka gutsattsarin jan yadi a buhu. Na biyu, kowane tarko sai ka ziyarce shi kafin rana ta yi zafi, ko ana ruwa ko kana zazzaɓi, domin ka ce dabbar ta ci shinkafa ne, ba ta yi laifin da za a bar ta tana shan rana da ƙishi a waya ba. Na uku ita ce igiyar. Igiyar rama ce, ta yi baƙi don shan hannu, kana ɗaure ta a ƙugu. Ka ɗana tarko, ka yi ƙulli ɗaya. Ka cire tarko, ka kwance ɗaya. Ba ka iya boko ba, amma ban taɓa ganin rajistar makaranta da ta kai igiyar nan gaskiya ba.

A kan waɗannan abubuwa uku aka ƙulla yarjejeniyar 2004 a gindin ɗorawa, gaban mai unguwa da Arɗo Gide da dukan masu gona. Ba wuta, ba guba, tarko kawai, kuma a cire su duka kafin ranar da aka sa shanu za su shiga cin kara bayan girbi. Zamani, shugaban ƙungiyar manoman fadamar, bai so ba. Ba zan zalunce shi ba, yana da hujjarsa: ya ce gyazbi ɗari ne tarko ashirin, wuta kuwa wuni ɗaya ta gama aiki, haka iyayensu suka yi. Da ya ga jama'a sun rinjaye shi sai ya kawo sharaɗi. Ya ce ranar da tarkon Ndakotsu ya kama saniya ko akuya ko ƙafar mutum, yarjejeniya ta mutu, kowa ya koma hanyarsa. Na ja rigarka na ce kada ka yarda. Ka ce ka yarda, a rubuta. Ni na rubuta da hannuna, ina sakatariyar ƙungiyar.

Girbi biyar aka yi a jere, ba gobara, ba mushen zabo, ba saniya mai ɗingishi. Duk da haka Zamani bai fasa ba. Kowane taro sai ya yi maka ba'a, ya kira ka kwamishinan ɓeraye, ya tambaya ko gyazbi sun sa hannu a takardar su ma. Gonarsa ce kaɗai a fadamar da ba a taɓa ganin jan ƙyalle ba, kuma yana alfahari da haka.

To, ranar Talatar nan, da labari ya iske ni na garzaya Limawa, na shiga ɗakin Gogo Hawawu na durƙusa muna kuka. Cikin kukan ta jawo jakar da aka zo da ita tare da kai daga Tunga, ta ciro igiyar ta sa mini a cinya. Na ƙirga, ita ma ta ƙirga. Ƙulli ashirin da uku. Tarko ashirin da uku na ɗane a fadama tun yammacin Litinin, mai su ya tafi bai zagaya ba, rana tana ta hawa, kuma Asabar ce ranar da aka sa wa shanun Arɗo.

Gogo ta ce, "Malama, kin san halinsa. Zamanki a nan ba zai yi masa daɗi ba. Tashi."

Shi ya sa na tashi. Wanda ya ga fitata bai ji wannan ba, amma bai tambaya ba kafin ya buɗe baki.

Na isa Tunga bayan la'asar. Mata biyu masu gona kusa da tawa suka ɗaura zane suka biyo ni. Jan ƙyallenka ya yi mana jagora, kafin magariba mun cire tara. Uku na da gyazbi da rai, sun galabaita, limamin Tunga ya yanka su aka kai gidajen da ka saba kaiwa. Laraba muka fito tun da sassafe muka bi sauran, duk wanda na cire sai in kwance ƙulli ɗaya kamar yadda na ga kana yi. Da azahar muna da tarko ashirin da biyu a buhu, ba sauran jan ƙyalle ko ɗaya a fadamar, igiya kuma na da ƙulli ɗaya.

Matan suka ce wataƙila tsufa ne, ka yi ƙulli biyu a kan tarko ɗaya. Wani dattijo ya ce ai kuskure na ɗan Adam ne, in kwance in huta. Na ce a shekara shida ban ga igiyar nan ta yi ƙarya ba, ba za ta fara ranar mutuwar mai ita ba. Alhamis na wuni ina bin gonakin da ka saba yi wa aiki, kunya bayan kunya, ina tsokana ciyawa da sanda, ƙaiƙayi ya cinye mini ƙafafu. Ban samu komai ba. Daga nesa na hango Zamani shi kaɗai a ƙarshen gonarsa yana kai da komo da kansa a sunkuye. Na ɗauka shinkafarsa ta baya-baya yake dubawa, wadda bai gama yanka ba. A ranar kuma na fara jin maganar da ake yi a Tunga, wai yarjejeniya ta bi mai ita, har wasu sun fara tambayar inda ake samun farin garin nan.

Na kwana da baƙin ciki, Baba. Na san in wayar nan ta shaƙe ƙafar ɗan maraƙi ranar Asabar, ba wanda zai tuna girbi biyar. Za a ce tarkon Ndakotsu ya nakasa dabbar Fulani, a ɗauko takardar da na rubuta a karanta sharaɗin, kafin sabuwar shekara wuta ta dawo bakin rafi. Kai kuma kana kabari ba ka da bakin kare kanka.

Juma'a da safe aka yi addu'ar uku a Limawa. Manoman Tunga sun zo mota guda, Arɗo Gide ya zo da mutanensa. Na san wurin mata cikin gida ne, na kuma san ba a san mace da tsayawa kan tabarmar maza a ƙofar gidan makoki ba. Na jira aka shafa, na nemi izinin ɗanka Jamil, na fito na tsaya a bakin zaure na ɗaga igiyar sama. Na ce ga igiyar marigayi, kowa ya san ta, saura ƙulli ɗaya. Na ce akwai tarko a gonar wani da ke zaune a nan, kuma Baba bai taɓa ɗana tarko a gonar mutum ba sai da saninsa. Na roƙi Arɗo ya ƙara mana kwana uku.

Arɗo ya ce, "Malama, da zan iya da na yi, don Ndakotsu mutumina ne. Amma ciyawa ta ƙare a tudu, shanu sun ji warin kara. Ko na hana, ba a hannuna kaɗai suke ba. Gobe gobe ce."

Wasu na kallona kamar na zo da abin kunya, na kuwa tsaya ban sauke hannu ba har kafaɗata ta fara ciwo. Can sai Zamani ya miƙe. Ya sa hannu a aljihun wandonsa ya ciro jan ƙyalle a cukurkuɗe, ya riƙe shi, bai kalli kowa ba.

Ya ce, "A gonana yake. Ni na kira shi ranar Litinin, gyazbi ya gama ni. Da ya tafi na cire wannan, kada mutane su gani su yi mini dariya. Kwana biyu ina nema, ban san wurin ba kuma."

Abin da ya faru ke nan. Mutumin da ya shekara biyar yana yi maka ba'a ya zo maka a ɓoye, ka bi shi ba ka ce masa komai ba, ba ka kuma gaya wa kowa ba, har matarka. Ka ɗana masa tarko, ka kafa sanda, ka ɗaura ƙyalle, ka yi ƙullinka. Shi kuma don gudun dariya ya tuge sandar ya jefar, ya cusa ƙyallen a aljihu, ciyawa ta rufe wurin, ya zama shi kansa bai san inda tarkon yake a gonarsa ba. Na so in faɗa masa magana mai zafi a gaban mutane, ta zo har bakina. Na tuna ranar da ka tsuguna kana kwashe dusata ba ka ce mini uffan ba, sai na haɗiye na ce ya tashi mu tafi.

Bayan an sauko daga masallaci muka kama hanya, ni da shi da Jamil da Arɗo. Ƙarshen gonar Zamani ya gangara har rafi, ciyawa ta kai wuya. Maza suka fara sara da adda, na ce su dakata, za su ɓata sawu. Na durƙusa na yi abin da ka koya mini. Na nemi inda aka yanke kara a karkace, na samu. Na bi kashin gyazbi har na ga ɗan lungun da yake bi, na rarrafa a gefensa da gwiwoyina na shekara hamsin da bakwai. Rana ta yi ja lokacin da na ga sandar tarkon a lanƙwashe. Tarkon yana nan a ɗane, bai kama komai ba, wayar a buɗe. Arɗo ya auna da ƙafa daga wurin zuwa gangaren da shanunsa ke bi su sha ruwa, taku huɗu. Ya cire hula ya goge fuska.

Na ce wa Zamani shi zai kwance tarkon. Ya durƙusa ya kai hannu, sandar ta fizge ta tsaga masa bayan hannu, ya naɗe wurin da jan ƙyallen da ke aljihunsa. Asabar da hantsi shanu sama da ɗari biyu suka bi ta gangaren nan, ina tsaye ina kallo har na ƙarshe ya haye.

Ban kwance ƙullin ba. Na kawo wa Gogo Hawawu igiyar a ɗakinta, ta sa haƙori da farce ta kwance shi da kanta, domin ka ɗaure shi tam. Ta shafa igiyar ta miƙe sumul, ta yi kuka, ni ma na yi. Na ɗauka za ta sa ta cikin akwati tare da hularka da takardar izinin. Sai ta mayar mini da ita a cinya ta ce damina na zuwa.

Saboda haka ina sanar da masu cewa yarjejeniya ta bi mai ita. Takardar tana hannuna, sharaɗinta bai cika ba, ba saniya ko akuya ko mutum da tarkon Ndakotsu ya taɓa, yana raye ko bayan ransa. Ranar taron ƙungiya na watan gobe zan zo da ita in karanta da ƙarfi. Na riga na je ofishin masu kula da daji na karɓo fom da sunana, teloli na Limawa sun ce buhun ƙyalle na nan. Ban kai ka iyawa ba, gwiwoyina ma ba za su kai ni inda naka suka kai ka ba, amma matan nan biyu sun ce za su koya, Arɗo ya ce zai ba mu mutum ɗaya. Duk wanda na gani da ashana a bakin rafi, ko da farin gari a leda, zan kai sunansa gaban mai unguwa da hukuma, ko ɗan'uwana ne, ko ɗan cocinmu ne. Na taɓa zuba gubar nan da hannuna, ba wanda zai gaya mini amfaninta. Wanda yake so ya kira ni mai kama ɓera, bismilla, ni na fara kiran wani haka.

Shi Zamani, shi ya ce in rubuta sunansa kada in sakaya. Ban ce ya sauya ra'ayi ba, har yanzu yana cewa tarko na da jinkiri, kuma ban san inda zai ɗaga hannu ranar taro ba. Amma ya miƙe a gaban mutane ranar da zama ya fi masa sauƙi, kuma na shaide shi a kan wannan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Gogo Hawawu, wadda ta manta da nata zafin ta tuna da aikin mijinta, da Jamil da ƙannensa mata, da jikoki, da dangin Jiya na Minna da na Wushishi. Ina yi wa mutanen Limawa da na Tungar Ndaceko ta'aziyya, manoma da makiyaya, har da waɗanda ba su san abin da suka rasa ba tukuna. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsare bayansa, ya sa albarka a zuriyarsa.

Baba, ni Kirista ce kai Musulmi, shekara shida muna cin abinci a inuwa ɗaya ba ka taɓa sa na ji bambanci ba. Addu'ar da na ji 'yan'uwanka suna yi maka ita nake yi da bakina da zuciyata. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka ya yalwata shi. Tausayin da ka nuna wa dabbar da ba ta da bakin godiya, da asirin da ka rufa wa wanda ya yi maka ba'a, Allah ya sa ka tarar da su a gabanka. Ya sa Aljanna ce makomarka.

Tarkunanka ashirin da uku suna cikin buhu a ɗakina, na shafa musu mai. Ba ka bar ko ɗaya a daji ba, Baba. Ka huta.

Liyatu Ishaku,
Tudun Fulani, Minna.